Yadda Ake Tayar da Bola a Unguwa Ba Tare da Ta Dawo Ba

A layinmu akwai wani kango da aka kai shi linta, sai mai shi ya tsaya. Shekara ba ta zagayo ba ya zama jujin layi uku. Sau biyu muna yin gayya mu kwashe, sau biyu muna rubuta "An hana zuba shara a nan" da jan fenti a jikin bango, kuma duka biyun kafin wata ya ƙare tulin ya dawo har gindin rubutun. Sai a karo na uku muka gane inda muke kuskure. Muna ta korar shara, amma ba mu taɓa tanadar mata hanyar fita daga unguwa ba. Matar da ta share tsakar gidanta da asuba dole ta sami inda za ta kai abin da ta tara, ko an rubuta kashedi ko ba a rubuta ba.

Duk wanda ke zaune a Badariya, ko Gesse, ko Rafin Atiku, ko Bayan Kara ya san irin wannan kangon. Tun da Birnin Kebbi ya zama babban birnin jiha a 1991 garin yake ta faɗi, kuma tsakanin gida da gida ana barin fulotin da ba a gina ba. Ita ma sharar ta canja. A da abin da ke fita daga gida toka ce da ƙaiƙayi da kashin awaki da ɓawon gyaɗa, manoma har zuwa suke yi da jakuna su cika mangala su kai gona. Yanzu ledar fiya wata ce, da baƙar leda, da gorar lemu, da famfas ɗin yara. Ƙasa ba ta cin su, manomi ba ya son su, akuya kuwa in ta haɗiye sai ta yi ta rama. Tambayi mahauci abin da yake tararwa a tumbin dabbar cikin gari.

Ga yadda muka bi, mataki bayan mataki. Lokacin da ya fi dacewa a fara shi ne watan Maris ko Afrilu, domin a gama kafin ruwa ya sauka sosai.

Ku fara da kallo, sati guda

Kada ku taɓa tsintsiya tukuna. Mutum uku ko huɗu su ɗauki littafi, su raba lokaci tsakaninsu: bayan sallar asuba, da hantsi, da bayan isha'i. A rubuta wa ke kawo shara, daga wane layi, da me yake kawo ta, kuma wace iri ce. Ba a yi wa kowa magana a wannan satin.

Abin da za ku gani zai ba ku mamaki. Mu mun ɗauka 'yan wata unguwa ne ke zuwa su zuba mana. Sai muka tarar galibi yaran gidajenmu ne da almajiran da ake aikowa, kuma ba wanda ya taɓa faɗa musu wani wuri dabam. Sauran kuwa masu baro ne da aka biya su kai shara nesa, suka juye a kangon da ya fi kusa don su koma su ɗauko wata. Akwai kuma ta masu sana'a: gashin kaji, ƙyallayen tela, buraguzan gini, kwalayen shago. Kowanne da maganinsa, shi ya sa sai an san wanne ya fi yawa.

A cikin satin nan ku bi lambatun unguwa da ƙafa, daga inda ya faro har inda ya zuba, ku sa alama a kowane kwalbatin da ya cushe.

Sai a je wurin masu faɗa a ji

Mai unguwa ne farko, kuma da littafinku za ku je. "Ranka shi daɗe, ga abin da muka gani cikin kwana bakwai, mun zo neman shawara da izini." Wannan ya fi a je masa da ƙarar maƙwabci nesa ba kusa ba. Shi zai kira taro, shi zai sa hannu a takardar da za ku kai hukuma, kuma in abu ya fi ƙarfinsa shi ya san hanyar gidan hakimi.

Daga nan sai liman. Ku roƙe shi ya taɓo maganar bayan sallar magariba ko asuba. Ba sai kun koya masa abin faɗa ba, ya san hadisin da ya ce kawar da abin cutarwa daga hanya sadaka ce.

Mai fili shi ne na uku, kuma sau da yawa shi ake mantawa. Ku nemo shi ko yana Abuja ne, ta hannun dillalin da ya sayar masa ko danginsa. Ku aika masa hoton wurin ta WhatsApp, ku ce, "Alhaji, za mu kwashe, amma muna neman ɗayan biyu: ko ka katange, ko ka ba mu izini mu yi amfani da wurin har ka tashi gini." In ya ba da izini, a rubuta a gaban mai unguwa, a faɗi ƙarara cewa fili nasa ne, aro aka yi. Rigimar fili ta fi ta shara muni, kada ku buɗe mata ƙofa.

Sai mata. Ina son in tsaya a nan, domin taron da maza suka yi a ƙofar masallaci suka watse bai taɓa rage shara ko cikin kwano ba. Daga madafa shara take fitowa, kuma uwar gida ce ke miƙa wa yaro bokiti ta ce je ka zubar. In ba ta san sabon tsari ba, ko ta sani amma ba a nemi ra'ayinta ba, yaron nan kango zai nufa. Ku nemi malamar Islamiyyar matan aure, da wata dattijuwa da ake jin maganarta, da uwar adashi. Su shiga gida-gida su yi bayani, su kuma dawo muku da abin da mata suka ce. Daga bakinsu muka ji cewa ranakun kwashe shara biyu a sati ba su isa gidan da ke da jarirai ba, muka mayar da su uku.

Hanyar fita: wannan shi ne ƙashin bayan aikin

Kafin a sa ranar gayya, dole tambayoyi uku su sami amsa. Wa zai riƙa ɗaukar shara daga ƙofar gida? Ina zai kai ta? Wa zai biya shi?

Ku fara da ta biyun. Ku rubuta takarda, mai unguwa ya sa hannu, ku kai wa hukumar raya birane ta jiha, wato KUDA, ku kai kwafi sashen duba-gari na ƙaramar hukuma. Ku nemi a nuna muku matattarar shara da aka amince da ita mafi kusa da ku, ku kuma nemi mota ranar gayya. A buga muku hatimi a kwafinku, ku karɓi lambar wayar jami'in da abin ke hannunsa. Mutum ɗaya za ku ɗora wa bibiya, mai haƙuri wanda ba ya gajiya da komawa. In aka ce kowa ya bibiya, ba wanda zai je.

Mai ɗauka kuwa, ku zaɓi matashi ɗaya ko biyu 'yan unguwa, waɗanda aka san gidan iyayensu. Baro ya isa layi ɗaya, amma in gidaje sun haura talatin ku nemi kura wadda ake turawa da hannu, ko ku yi jinga da mai a-kori-kura. A saya musu safar hannu mai kauri da takalmin roba da takunkumi. A tsayar da ranaku da lokaci, misali Litinin da Laraba da Asabar bayan an fito sallar asuba, kuma kada a saɓa, domin ranar da mai baro bai zo ba ita ce ranar da kango ke samun baƙi.

Kuɗi ba a hannun mai baro gidaje za su riƙa bayarwa ba. Nan ne tsohon tsari ya lalace: ya karɓi kuɗinsa tun a ƙofa, ba wanda ya san inda ya juye. A sa ma'aji, kowane gida ya biya a farkon wata, a biya mai ɗauka duk ƙarshen sati bayan an tabbatar matattara yake kaiwa. Lissafin ba wuya. A ce gida 40 ne, kowanne ya ba da naira 1,000, kun ga 40,000 ke nan a wata. Ku cire ladan masu ɗauka, ku ajiye wani abu don gyaran taya da sayen buhuna. Adadin da zai yi muku daidai ku za ku yanke, amma gidan haya mai ɗaki goma ba zai biya daidai da gidan mutum ɗaya ba, kuma mai gidan ne zai tara daga 'yan hayarsa. Shago da gidan kaji su ma kasonsu daban. Gidan marayu da tsohuwar da ba ta da mai yi mata, a ɗauke musu, kuma kada a karanta sunayensu a taro. Duk ƙarshen wata ma'aji ya liƙa lissafi a bangon masallaci, abin da ya shigo da abin da ya fita. Da zarar mutane sun fara tambayar ina kuɗinmu ba su sami amsa ba, tsarin ya mutu.

A raba shara tun daga tsakar gida

Wannan yana rage wa mai baro kaya fiye da yadda ake zato. Kowane gida ya tanadi mazubi uku, ba sai an sayi sabo ba: tsohon bokitin fenti da buhunan shinkafa biyu sun wadatar.

Bokiti na abin da ke ruɓewa ne: ɓawon albasa da doya, ragowar ganye, sharar tsakar gida, kashin kaji da na awaki. Mai ɗan fili a bayan gida ya haƙa rami mai zurfin gwiwa, ya riƙa zubawa yana rufewa da busasshen ganye ko 'yar ƙasa, ya barbaɗa toka kaɗan, ya yayyafa ruwa in ya bushe, ya juya duk sati biyu. Cikin wata biyu zuwa uku zai zama baƙin taki mai ƙamshin ƙasa. Kada a sa nama ko mai, suna jawo ɓera da ƙuda. Wanda ba shi da fili ya tara wa masu lambu da manoman fadama. Takin da ba leda a ciki ba ya rasa mai so a garin noma irin namu.

Buhu na farko na abin sayarwa ne: gorunan roba, gwangwanin lemu, kwali, ƙarfe, fasasshen bokiti da kujerar roba. 'Yan jari-bola suna saye a kan sikeli, masu zuba tukwane suna neman gwangwanin alminiyam. Ku yi magana da mutum ɗaya ya riƙa zuwa a tsayayyar rana. A bar wa matan gida ko yara kuɗin, domin abin da ke kawo ko na sabulu ba a jefa shi a kwata. Ledar fiya wata a tsiyaye ruwanta a tara ta daban, a tambayi masu saye ko suna karɓa.

Buhu na biyu shi ne na mai baro: famfas, baƙar leda, da duk abin da ba ya ruɓewa kuma ba ya sayuwa. Famfas a ƙulle shi a leda kafin a sa. Fasasshiyar kwalba da reza da allura a zuba su cikin gora a rufe da murfi, don hannun wanda zai ɗauka. Mai kemis da ke yin allura kuwa, sirinjinsa ba na baron unguwa ba ne, ya nemi duba-gari su nuna masa yadda ake yi da su.

Ranar gayya

Sai an tabbatar da mota da ranar fara aikin mai baro sannan a sa rana. Asabar da sassafe ta fi, kafin rana ta yi zafi. A tanadi shebur, manjagara, diga, baro, buhuna, ruwan wanke hannu da sabulu. Ƙananan yara kada su hau tulin. Tsohon juji yana ɓoye kunama da maciji da ƙusa, don haka a fara jan sa da manjagara daga gefe, ba wanda zai cusa hannu. Wanda ƙarfe ya yanka ya wanke da sabulu ya wuce asibiti a ranar.

Lambatu ana fara yashe shi daga ƙasa, inda ruwa ke fita, a yo sama. Abin da aka fitar kada a bar shi a bakin kwata ya kwana biyu, iska da awaki da ruwan farko za su mayar da shi inda ya fito. In kun yi hayar tifa da kuɗinku, mutum ɗaya ya hau ya raka ta har inda za ta juye. Ba daidai ba ne mu tsabtace layinmu mu je mu zuba wa mutanen bayan gari a bakin gonarsu.

Kuma kada a cinna wuta. Na san shi ne mafi sauƙi, na san an saba. Amma hayaƙin leda da roba guba ne, yana shiga ɗakin mai jego da na mai asma, kuma a lokacin iskar bazara wutar juji tana iya kama danni ko rumfa.

A ranar nan, kafin a watse, a mamaye wurin

Fili in aka bar shi fayau, buhu ɗaya ya isa ya dawo da bola: wani zai ajiye da dare, na biyu ya gani ya ce ai dama ana zubawa. Don haka a cika wurin da wani abu tun ranar. A yi shinge ko da na ƙaya ne, a dasa dogon yaro biyu ko uku a kewaye su, a ba wani gida alhakin ban ruwa. In mai fili ya yarda, a sa benci dattawa su mayar da majalisarsu can, ko a ba mai shayi ko mai gyaran babur wurin da sharaɗin shara kullum. Ba a zuba shara inda mutane ke zaune. Fitila mai aiki da hasken rana guda ɗaya tana tsare dare. Allon kashedi yanzu zai yi amfani, in an rubuta a ƙasansa ranakun da mai baro ke zuwa.

Sati biyun farko su ne masu wuya. Duk abin da aka wayi gari aka gani, a ɗauke shi kafin hantsi.

Rage ledar tun daga shago

Ruwanda ta hana ledar sayayya tun 2008, Kenya ta bi a 2017, Legas kuma ta haramta farar robar zuba abinci mai kama da soso a watan Janairun 2024. Mu a unguwa ba mu da ikon kafa doka, amma muna da masu shago biyar ko shida da muka sani suka san mu. A zauna da su, a roƙi abu ɗaya: kada a miƙa leda sai an nema. Ashana da magi ba sa buƙatar leda, kuma shi kansa mai shago da kuɗi yake sayenta. Mai zuwa babbar kasuwa ya riƙe jaka ko kwando. Yaron da aka aika sayen koko ko waina ko wake da shinkafa a ba shi kwano mai murfi, kamar yadda iyayenmu suka yi mana.

Ban ga laifin wanda ke sayen omo da madara na ƙaramin ƙulli ba, abin da aljihu ya iya ke nan. Amma mata biyar 'yan adashi ɗaya suna iya haɗa kuɗi su sayi babba su raba a robobinsu, ya zo musu da sauƙi kuma ledar ta ragu.

Inda leda ta fi zuba lokaci guda shi ne taro: ɗaurin aure, suna, zaman makoki, da rabon kunu da azumi. A yi ƙa'ida cewa mai taro zai rataye buhu a kowace rumfa, ya sa yara biyu masu tsince ledar ruwa, kuma ba za a kwance rumfa ba sai an share layi. Da babbar salla a tuna wa kowa ya haƙa rami don jini da kayan tumbi, kada su bi kwata.

Wanda ya ƙi

Za a samu. Karo na farko mutum biyu su same shi a gida cikin sirri: "Malam, jiya an ga yaron gidanka a kango, wataƙila bai san an canja tsari ba." Karo na biyu mai unguwa ya kira shi. Na uku sai a ci shi tarar da taro ya amince da ita tun farko, tare da kwashe abin da ya zuba. In ya wuce nan, a miƙa wa duba-gari, aikinsu ne kuma doka tana bayansu. Kada a daki yaro, kada a ƙwace bokitin almajiri, kada a watsa hoton kowa a zauren WhatsApp. Aiko su aka yi, wanda ya aiko su ake nema.

In wani ya ce abin bai kai a tayar da jijiyar wuya ba, a tuna masa 2021, shekarar da amai da gudawa ya kama mutum sama da 100,000 a Najeriya, ya kashe fiye da 3,000, kuma Kebbi da Zamfara da Sakkwato duk sun ɗanɗana. Ƙudan da ya tashi daga famfas a juji shi ne ke sauka a kan tuwon yara, kwatar da leda ta toshe kuwa nan sauro ke ƙyanƙyasa, in ta cika ta shigo gida ta gangara rijiya.

Ranar da aka yi ruwan farko mai ƙarfi, da ya ɗauke ku fito da littafin nan ku sake bin lambatu daga sama har ƙasa. Ku rubuta inda ruwa ya tsaya, da abin da ya tare shi, da layin da ya gangaro da shi. In daga unguwar da ke sama da ku ledar take zuwa, ku roƙi mai unguwarku ya raka ku wurin nasu, ku tafi da lissafin watanninku da lambar jami'in da ya ba ku mota.